Daga Makuba zuwa Fenti: Tarihin Launin Ƙofar Gida a Biranen Hausa

1.0 Gabatarwa

Magidancin da ya gama gini a Kano ko Zariya ko Damagaram, ya je ya tsaya gaban mai sayar da fenti yana shawarar launin da zai shafa wa ƙofar gidansa, yana yin wani abu ne da kakannin kakanninsa ba su saba da shi ba. Kafin ƙarni na 20, ƙasar da aka yi ginin da ita da itatuwan da ke bayan gari su ne suke yanke hukuncin launin gida, sa'an nan matsayin mutum a gari ya ƙarasa sauran. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan hukunci ya fita daga hannun ƙasa da magina, ya koma hannun mai gida da mai kanti. Za a duba matakai uku na wannan sauyi, watau zamanin makuba da farar ƙasa, da zamanin siminti da zane a bango, da zamanin ƙyauren ƙarfe. Daga ƙarshe za a dubi irin shaidar da harshen Hausa ya adana game da al'amarin.

2.0 Ƙofa da Ƙyaure

Wajibi ne tun da farko a bambanta kalmomi biyu da akan cakuɗa su. A asalin ma'ana, ƙofa ita ce kafar da aka bari a jikin gini domin shiga da fita, shi kuwa ƙyaure shi ne abin da ake rufe ta da shi. Har ila yau, idan Bahaushe ya ce "ƙofar gida" yakan haɗa da fuskar zaure gaba ɗaya, da dakalin da ke jikinta, da filin da ke gabanta. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake raɗin suna, a nan kuma ake zaman makoki. A zaure mai gida yake karɓar baƙinsa, malami ya ba da karatu, maɗinki ya yi ɗinkinsa. Da yake al'adar kulle ta hana baƙo namiji wuce zaure, ƙofar gida ita kaɗai ce ɓangaren gidan da jama'ar gari suke da ikon gani. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma abin da fuska take ga mutum shi ne ƙofa take ga gida.

Shi ƙyaure a da ba wurin ado ba ne. Talaka yakan rufe ƙofarsa da tufaniya ko asabari, waɗanda ake yi da kara ko ciyawa ko tsirgagiya, launinsu kuwa shi ne na busasshen haki. Mai hali yakan sa ƙyauren katako, a ƙarfafa shi da ƙarfe da ƙusoshin da maƙera suka ƙera. Ƙyamaren ƙofofin birni irin waɗanda aka adana a gidan tarihi na Gidan Makama a Kano suna nuna wannan fasali a mafi girman siffarsa: itace mai kauri da ƙarfe baƙi, an yi su domin tsaro. Ita kanta kowace ƙofar birni da sunanta aka san ta, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa a Kano, ko Ƙofar Doka a Zariya. Saboda haka duk wanda yake neman launi a tsohon gidan Bahaushe, a bangon da ya kewaye ƙofa zai neme shi.

3.0 Launin da Ƙasa ta Bayar

Ginin gargajiya na birni ana yin sa da tubali, a rufe shi da azarar giginya, sa'an nan a yi masa yaɓe. Babban maƙiyin irin wannan gini shi ne ruwan sama, kuma kusan duk launin da ake gani a waje ya samo asali ne daga dabarun kare bango daga damina. Na farko a cikinsu ita ce makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Akan jiƙa ɓawon a ruwa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, ko a yayyafa shi a kan yaɓe. Idan ya bushe sai bangon ya yi tauri, ya ɗauki wani launi tsakanin ja da baƙi mai ɗan sheƙi. Wannan launi ya shahara har ya zama suna, domin har yanzu akan ce tufa "ruwan makuba" ce. Na biyu shi ne laso, wanda ake haɗawa da katsi, watau dattin da yake kwantawa a ƙasan karofi, da gashin jima, da ruwan saiwar dafara. Da laso ake gyara karofin kansa, da shi kuma ake shafe rufin soro da zankwaye da sauran wuraren da ruwa ya fi duka. Launinsa ya fi karkata ga toka. Na uku ita ce farar ƙasa, wadda ake haƙowa a dama a shafa, musamman a cikin ɗaki da kewayen ƙofa. Idan aka haɗa da jar ƙasar da aka yi ginin da ita, sai a ga cewa launukan tsohon birni ba su wuce fari da ja da baƙi da abin da ke tsakaninsu ba.

Akwai wani abin lura a nan. Kano ta shahara da rini tun ƙarnoni da dama. Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851, ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suke kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Duk da haka birnin da yake tufatar da Sahara da shuɗi bai shafa wa bangonsa shuɗi ba. Dalilin yana cikin ɗabi'ar shunin kansa. Shuni ba ya narkewa a ruwa sai an tsima baba da toka a karofi, kuma yana kama zare ne lokacin da aka tsamo tufa iska ta buge ta. Abu ne na auduga, mai tsada, wanda ba a yi shi domin bangon da ruwa zai wanke kowace shekara ba. Abin da marina ta ba magina shi ne katsi, watau ragowar rini, shi ma domin ƙarfinsa aka nema.

Game da zayyana kuwa, mafi kyawun aikin ƙarni na 19 da ya kai ga idon manazarta a cikin gini yake. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), ya shahara ne da bakan gizonsa da zanen da ke jikin ginshiƙansa na ciki. Haka nan ɗakunan fada a Gidan Rumfa, wanda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), adonsu na masu shiga ne. Babban magini yana ƙarƙashin Sarkin Magina, Sarkin Magina kuwa yana ƙarƙashin fada, don haka gwanintar da ta fi kowace tana tafiya ne inda sarauta take. Bugu da ƙari, shugabannin jihadin 1804 sun yi wa'azi mai yawa a kan gudun duniya da ƙin alfahari, kuma attajiri mai hankali ya san cewa bayyana dukiya a ƙofar gida yana iya jawo masa idon mai mulki. A wancan zamani girman zaure da tsawon zanko da kyan yaɓe su ne suke faɗin matsayin mai gida. Mata kuma suna da nasu fagen launi a ciki, watau jeren ƙorai da tasoshi a ɗakin amarya, wanda baƙo na waje ba ya gani.

4.0 Jirgin Ƙasa, Siminti da Fenti

Turawan Ingila sun mamaye Zariya a 1902, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. To amma abin da ya sauya fuskar gidaje ya zo ne bayan shekara 8, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 ta hanyar Zariya. Siminti da kwanon rufi da fenti kaya ne masu nauyi, waɗanda raƙumi da jaki ba za su ɗauko su daga bakin teku a sami riba ba. Jirgin da yake kwasar gyaɗa da fata da auduga zuwa Ikko shi ne yake dawowa da waɗannan kaya zuwa kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, da kuma UAC bayan kafuwarsa a 1929. Cinikin gyaɗa da ya bunƙasa daga 1912 ya haifar da wani rukuni na attajirai, wanda Alhasan Ɗantata (ya rasu a 1955) shi ne mafi shahara a cikinsu, tare da dillalai da 'yan kwangila da ma'aikatan albashi. Waɗannan mutane suna da kuɗi, kuma da yawa daga cikinsu ba su da rawanin da zai bayyana matsayinsu. Fuskar gida ta zama wurin da za su bayyana shi.

Muhimmancin siminti a wannan tarihi ya fi na fentin kansa. Fentin mai ba ya zama a kan yaɓen ƙasa, domin ƙasar tana zuba ta tafi da shi. Da aka fara shafe fuskar zaure da siminti sai aka sami fili mai santsi da tauri wanda launi zai iya shekaru a kansa. Daga nan hanyoyin ado suka zama uku: tsohuwar hanyar tayar da zane da hannu a kan ɗanyen yaɓe, da yanka zane a jikin siminti tun bai bushe ba, da shafa fenti kai tsaye a kan bango. Sau da yawa akan haɗa biyu, a yanka zanen sa'an nan a cike shi da launi. Wani abu mai arha da ya taimaka shi ne bula, watau shuɗin wanki, wanda asalinsa wani launi ne da aka gano yadda ake haɗa shi a masana'anta a Faransa wajen 1828, kamfanonin Ingila kuma suka yaɗa shi a duniya. Idan aka zuba bula a farar ƙasa sai a sami shuɗi mai haske. Ta wannan hanya ce shuɗi ya hau bango cikin sauƙi, bayan ƙarnonin da marina suka yi suna aiki a tsakiyar birni.

Zariya ce ta fi jan hankalin manazarta a wannan fanni. A 1963 A.H.M. Kirk-Greene ya wallafa wani ɗan littafi a kan gidajenta masu ado, daga baya kuma F.W. Schwerdtfeger ya yi dogon bincike a kan gidajen birnin da maginansu. Zanen da aka yi ta yi a kewayen ƙofa iri biyu ne. Akwai na gado, waɗanda suke da dangantaka da aikin allura na babbar riga da aikin dukanci, babbansu shi ne dagi, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauka ya zama tambarinta. Akwai kuma na zamani, watau keke da mota da agogo da jirgin sama, waɗanda suke nuna abin da mai gida ya mallaka ko yake alfahari da shi. A Damagaram ma, wadda ta kasance hedkwatar mulkin Faransa a Nijar har zuwa 1926, unguwannin Birni da Zango sun shahara da gidaje masu zayyana da launi a fuskarsu.

A wannan mataki ne zaɓi ya fara shigowa, ko da yake bai zama na mai gida shi kaɗai ba. Magini yana da irin zanen da ya gada da launukan da hannunsa ya saba da su, kanti yana da 'yan launukan da aka kawo, maƙwabta kuma suna da idon da suke auna abin da ya yi kyau da abin da ya wuce gona da iri. Shi kansa ƙyaure ya fara sauyawa: kafintoci suka riƙa buɗe garwar kananzir su miƙar da ita, ko su yanki kwano, su buga a kan firam na katako. Irin wannan ƙyaure yana tsatsa idan ba a shafa masa fenti ba, kuma daga nan ne buƙatar kare ƙarfe ta fara jawo launi daga bango zuwa kan ƙyaure.

5.0 Launi ya Koma kan Ƙyaure

Daga ƙarshen shekarun 1950 kayan da ake shigowa da su suka fara samuwa a cikin gida. An buɗe masana'antar siminti ta Nkalagu a 1957, ta Ewekoro a 1960, ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Masana'antun fenti su ma suka kafu a Ikko a farkon shekarun 1960. A ɗaya ɓangaren, farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 sun karya tsohon tushen arzikin attajirai, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka kawo wani sabo. Wanda ya sami kuɗi a wannan lokaci ya fi son gidan bulo da rufin kwano. Daɗin daɗawa, shafen siminti a kan ginin ƙasa ya nuna aibinsa: su biyun ba sa miƙewa da tsukewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, sai siminti ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya ci tubali a ɓoye, wata rana fuskar zauren ta zube da zanenta. Gidaje masu ado da yawa ta haka suka salwanta, waɗansu kuma aka rushe su da gangan. Ko Masallacin Juma'a na Zariya, a shekarun 1970 aka rushe wani sashe nasa, aka lulluɓe abin da ya rage da sabon gini.

Bangon bulo shimfiɗaɗɗe ne, launi ɗaya ake shafa masa. Magini mai zane ya rasa aiki, mai walda ya sami kasuwa. Ƙyauren ƙarfe, da babban get a gidajen masu mota, su suka gaji matsayin fuskar zaure, har ma 'yan zane-zanen da suka rage, irin su dagi da tauraro, suka koma aikin rodi da aka lanƙwasa. A nan ne tambayar launin ƙofa ta zama tambaya mai zaman kanta.

Dalilan da suke jan mutane ga launi iri-iri ne. Kore yana da farin jini saboda alaƙarsa da Musulunci. An shafa wa ƙubbar Masallacin Annabi a Madina koren launi a 1837, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na 2, kuma da aikin hajji ta jirgin sama ya yawaita daga shekarun 1950 sai hotonta ya shiga gidaje a kalanda da darduma. Tutar Nijeriya ta 1960 ta ƙara wa kore wata ma'ana. Amma kuskure ne a ɗauka cewa kowane launi saƙo ne. Ƙyamare da yawa da ake gani jajaye fentin farko ne na hana tsatsa wanda mai walda ya shafa, mai gida kuma kuɗinsa suka ƙare kafin ya yi shafi na biyu. Yanayi ma yana da nasa hukunci: ƙurar hunturu tana tona asirin fari, baƙin ƙarfe yana ɗaukar zafi da bazara har ya gagari taɓawa, launuka masu haske da yawa rana tana kashe su, alhali waɗanda aka yi da sinadarin tsatsar ƙarfe, watau ja mai duhu da ruwan ƙasa, sun fi jure mata. Daga shekarun 2000 kuma ƙyamaren tsaro na Sin da Turkiyya suka shigo kasuwa da launinsu tun daga masana'anta, sai zaɓin ya koma tsakanin abin da ɗan kasuwa ya shigo da shi.

6.0 Shaidar Harshe

Harshen Hausa ya adana wannan tarihi a cikin kalmomin launi. A 1969 Brent Berlin da Paul Kay sun kawo ra'ayin cewa harsuna suna fara raɗa wa fari da baƙi suna, sa'an nan ja, kafin sauran. A Hausa waɗannan uku su ne suka fi zurfin saiwa, kuma su ne suka cika salon magana: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan hali da jan aiki. Pauline Ryan ta nazarci ma'anonin launi a adabin Hausa a wata maƙala ta 1976. Abin sha'awa shi ne waɗannan launuka uku su ne kuma na tsohon bango, watau farar ƙasa da jar ƙasa da duhun makuba.

Rukuni na biyu ya fito daga rini da tsirrai. Shuɗi ɗan'uwan shuni ne, rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa, ɗorawa kuwa garin 'ya'yan itacen ne. Kalmar kore tana da tarihi na musamman, domin a bakin marina da fatake kore riga ce da aka rina har ta yi baƙi, aka buge ta tana sheƙi, alhali launin ganye yana da tsanwa da algashi. Wannan yana kuma gargaɗi ga mai gaggawar fassara launi: baƙi yana da mummunar ma'ana a salon magana, amma baƙin rawani ɗan Kura adon manya ne, kamar yadda baƙin get ya zama abin yayi a unguwannin masu hali. Rukuni na uku shi ne na kwatance da kalmar ruwa, kamar ruwan toka da ruwan goro da ruwan hoda da ruwan bula, kuma biyun ƙarshe sun nuna kayan kanti sun shiga ma'aunin ido. Rukuni na huɗu shi ne na aro, wanda ya zo da gwangwanin fenti: ita kanta kalmar fenti, da kala, da bulu, da girin. A shagon mai fenti waɗannan su ne suka fi yawo, kuma yaro da yawa a birni ya san girin bai taɓa jin algashi ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda launin ƙofar gida ya taso daga buƙatar kare bango daga ruwa, ya zama hanyar bayyana arziki bayan zuwan jirgin ƙasa da siminti, sa'an nan ya tattara ya koma kan ƙyauren ƙarfe da gidan bulo ya yawaita. A kowane mataki mai gida ya sami ƙarin 'yanci, sana'ar gargajiya kuma ta yi asarar wani abu. Mai haɗa laso ya dogara da marina da majema, don haka raguwar karofi ta taɓa magini, kuma kalmomi irin su katsi da dafara da makuba suna tafiya tare da masu aikin. Gidajen Zariya da Kano da Damagaram da suka rage da zanensu suna raguwa kowace damina. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa da na zanen gine-gine a jami'o'i shi ne su haɗa kai su ɗauki hoton waɗannan ƙofofi, su rubuta sunan kowane zane da kowane launi daga bakin tsofaffin magina da suka saura, tare da yadda ake haɗa kayan aikin, tun waɗanda suka san sunayen suna raye.